Ashe Ƙoshi Ne Ke Lanƙwasa Ƙafar Kwikwiyo!

Duk mai kwikwiyon babban kare a gidansa, daga Malali zuwa Unguwar Rimi, daga Kawo zuwa Unguwar Dosa, don Allah ya ajiye kwanon da ke hannunsa ya saurare ni. Abin da na gano kwanan nan ya hana ni sukuni, kuma ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Kwikwiyon nan da ake so ya zama ƙato, ana cika masa kwano safe da rana da dare, ana ƙara masa nama, ana barbaɗa masa garin ƙashi, ana murna in an ga yana cika yana batsewa, to wannan gatan ne ke iya nakasa shi tun bai shekara ba. Ba yunwa ba fa. Ƙoshi!

Ga yadda na faɗa cikin maganar. Yayana da ke Malali ya yanke shawarar kawo kare don gadi, kamar yadda gidaje da yawa a garin nan na Kaduna suka yi tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare. Ya tuntuɓi malaminsa, aka ce masa malamai da dama sun yarda da karen tsaro kamar yadda aka yarda da na farauta da na kiwo da na gona, amma aka ja masa kunne cewa dabbar da ka killace, cinta da shanta da lafiyarta duk suna wuyanka. Ya zaɓi Boerboel, ƙaton karen nan mai faffaɗan kai da manoman Afirka ta Kudu suka samar don tsaron gidajen gonarsu. Kafin a yaye kwikwiyon a kawo, sai ya kira ni. "Kai ne mai bin diddigi," in ji shi, "je ka gano mana abin da zai ci." Na ce to, Yaya. Na sa takarda da biro a aljihu, na nufi wani asibitin dabbobi a nan cikin gari.

Ina zaune ina jiran layi sai ga wani saurayi ya shigo janye da kwikwiyon Kokeshiyan, irin masu gashi buzu-buzun nan da asalinsu tsaunukan Jojiya da Armeniya ne. Tubarkalla! Wata biyar kacal, amma jiki luƙu-luƙu, kai ka ce ya shekara. Sai da ya tsaya a tsakiyar ɗakin na ga abin da ya kawo su. Ƙafafun gaba sun bauɗe, ya yi taku biyu uku ya zube yana haki. Likitar ta tambayi abin da yake ci. "Wallahi Likita, Alhaji bai rage shi da komai ba," in ji saurayin. "Abincin buhu ne na waje, kwanonsa ba ya rabuwa da shi. Ga kan kaji da ƙafar kaji kullum. Ga ƙwayar kalsiyam safe da yamma, wanda ya sayar mana da shi ya ce ita ke ƙarfafa ƙashi." Ta shafa ƙafar, ta lanƙwasa gwiwar a hankali, karen ya yi ƙara. Ta ɗago ta ce, "Ƙanena, ka gaya wa Alhaji daga yau a daina ba shi ƙwayar nan, a kuma rage masa abinci."

A rage? Kare na ɗingishi, ƙashi ya karkace, a ce a janye maganin ƙashi? Ina shiga wurinta ban ko gama gaisuwa ba na jefa tambayar.

Ta ce, "Malam, ɗauki bironka ka yi lissafi da kanka." Ana haihuwar kwikwiyon Boerboel da nauyin da bai wuce rabin kilo da kaɗan ba. Babban namijinsa kuwa yana kai kilo 60, wani ma ya zarce. Wato jikinsa zai ninka kansa sau ɗari, har da ɗoriya, cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Jaririn ɗan Adam ana haihuwarsa da kilo 3, ya ninka kansa kamar sau 20, kuma sai ya ɗauki shekara 18 yana yi. Ka ji irin gudun da ƙashin wannan dabba ke yi! A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai guringuntsi mai laushi, shi ne ke tsawo, sannan ya riƙa taurara a hankali yana zama ƙashi. Idan abinci ya yi yawa, tsoka da kitse sukan riga ƙashin, nauyi ya hau kan guringuntsin da bai gama ƙwari ba, sai ya tsattsage ko ya ɓalle a cikin gaɓa, kwatangwalo ya yi sako-sako. Sai ta faɗi abin da ya sa na ajiye biron. Girman da kare zai kai a ƙarshe gado ne, a jininsa yake. Ɗura masa abinci ba ya ƙara masa tsawo ko da ɗan yatsa. Wanda aka ɗura wa da wanda aka auna wa duk wuri ɗaya za su tsaya, sai dai na farko ya isa da wuri da lalatattun gaɓoɓi, na biyu ya isa daga baya a kan ƙafafunsa.

To, kalsiyam ɗin fa? Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Hanjin babban kare yana da wayo: ya ɗebi kalsiyam ɗin da jiki ke bukata, ya bar saura ya fita. Hanjin kwikwiyo da bai kai kimanin wata shida ba bai iya wannan ba tukuna. Iya yawan da aka zuba masa, iya yawan da zai riƙa shiga jini. Idan ya yi yawa, jiki sai ya rage aikin rushe tsohon ƙashi da sake gina sabo, wanda shi ne ke daidaita siffar ƙashi yayin da yake girma, guringuntsi kuma ya kasa nuna yadda ya kamata. A ƙafar gaba, tsakanin gwiwa da wuyan ƙafa, ƙasusuwa biyu ne a jere. In ɗaya ya samu tangarɗa a wurin tsawonsa, ɗayan ya ci gaba da tafiya, ina ƙafa za ta nufa? Dole ta lanƙwashe. Abin da na gani da idona ke nan a ɗakin jira.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, na shiga intanet ina bin sawun maganar. Ashe tsohon ilmi ne, mu ne bai iso gare mu ba! Tun a 1974 Åke Hedhammar da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka raba kwikwiyoyin Great Dane gida biyu, wasu suka ci iya son ransu, wasu aka taƙaita musu, kuma waɗanda suka ci suka ƙoshi su ne cututtukan ƙashi suka fi kamawa. A 1985 Herman Hazewinkel na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan ya fitar da sakamakon nasa gwajin: wasu kwikwiyoyin Great Dane an ba su abinci mai kalsiyam kashi 1.1 cikin ɗari, wasu kashi 3.3, ninki uku ke nan. Na biyun suka samu lalacewar guringuntsi da lanƙwasar ƙafa. A jami'ar dai, cikin 1991, aka gwada furotin, wanda masu karnuka suka daɗe suna ɗora wa laifi. Aka ba wasu mai yawa, wasu matsakaici, wasu kaɗan, ba a ga ya ɓata ƙashin kowa ba. Ashe furotin ba shi da laifi. Masu laifin biyu ne: yawan abinci da yawan kalsiyam.

Amma binciken da ya fi taɓa zuciyata shi ne na karnukan Labrador guda 48 da Richard Kealy ya jagoranta a cibiyar kamfanin Purina. Aka haɗa su bibbiyu, 'yan ciki ɗaya, jinsi ɗaya, tun suna mako 8. Abinci iri ɗaya suke ci, sai dai ɗaya ana rage masa kashi 25 cikin ɗari na abin da ɗan'uwansa ya ci. Da suka shekara biyu aka ɗauki hoton kwatangwalonsu: 16 cikin 24 na masu ƙoshi sun samu gurɗewar gaɓar, a ɓangaren waɗanda aka rage wa kuwa 7 ne kawai. Ba a tsaya nan ba, aka bi su har ƙarshen rayuwarsu, shekara 14 ana aikin, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka rage wa abinci tsaka-tsakin shekarunsu 13 ne, sauran 11 da 'yan watanni. Kusan shekara biyu na rayuwa, daga rage rubu'in kwano kawai!

Na san dalilin da ya sa maganar ke mana nauyi a kunne. Idonmu da ragon layya ya saba. A ɗaure shi a turke, a tura masa dusa da harawa da kowa, a shafa gadon bayansa a ji kitse, a ce madalla, kiwo ya yi kyau. To, amma rago 'yan watanni zai yi a turke wuƙa ta biyo baya, shi kuwa kare sai ya ɗauki jikin nan shekara goma yana zagaye gida da shi, yana tsalle, yana gudu in dare ya yi. Mafarautanmu sun fi mu sanin wannan. Dubi karnukan da suke fita da su daji in rani ya yi, ba za ka ga mai tumbi ko ɗaya ba. Haka karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali, haƙarƙarinsa a fili, ga shi yana cimma barewa.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce to shi ke nan, sai a koma wa ragowar tuwo. Akwai rami a wancan gefen ma, kuma shi ma ƙafa yake karyawa. Likitar ta ce tana ganin gidaje iri biyu. Akwai gidan da ake aikawa mayankar Tudun Wada a sayo nama zalla, jan nama da hanta da tumbi, a ce ai kare da nama aka san shi. Jan nama cike yake da fosfaras, kalsiyam ɗinsa kuwa ɗan mitsitsi ne, fosfaras ɗin kan ninka shi sau goma sha wani abu ko ashirin, alhali jikin kwikwiyo so yake su zo kusan kunnen doki, kalsiyam ya ɗan ɗara. In bai samu a kwano ba, jiki sai ya shiga yashe na cikin ƙashi, ƙashin ya yi holoƙo har ya karye daga ɗan tsalle. Akwai kuma gidan da ake tara ƙanzo da ragowar shinkafa da ɓarɓashin taliya, a kwarara miya a kai. Ciki zai cika, amma babu abin gina jiki. Miyar ma kanta haɗari ce, domin albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya, ga gishiri ga dunƙule. Dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya yi tsini ya huda hanji. Su kuwa kan kaji da ƙafar kaji da masu kiwon karnuka ke sayen su buhu-buhu saboda araha, ƙashi ne ya fi yawa a cikinsu, kalsiyam ne ba ma'auni, ba wanda zai iya ce maka ga adadin da kwikwiyo ya ci yau.

Da wannan a kaina na shiga shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello da na Isa Kaita, ina juya buhuna ɗaya bayan ɗaya. Gaban buhu talla ne: hoton ƙaton kare, hoton tsokar nama, manyan haruffa. Gaskiya a baya take, cikin ƙananan rubutu. Abu na farko, buhun ya ce na kwikwiyo ne, kuma na manyan karnuka, domin abincin kwikwiyon ƙananan karnuka ya fi maiƙo da ƙarfi, yana iya tunzura girma. Sai kuma wata jimla da ke kan buhunan da suka bi ƙa'idar AAFCO, ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi ta Amurka. Nemi inda aka rubuta lamba 70, wato karen da zai kai fam 70 in ya girma, kimanin kilo 32. Wani buhun yana cewa abincin ya dace da masu girma har da irin waɗannan, wani kuwa yana cewa ban da su. Ka karanta jimlar har ƙarshe, domin buhunan biyu kan zauna a kanta ɗaya, launinsu ma kusan iri ɗaya. Na ji daɗi matuƙa da na gano wannan, na tsaya a gaban kantar ina nuna wa yaron shagon, shi ma ya ce bai taɓa lura ba.

A ƙa'idar tasu, kalsiyam na kwikwiyon babban kare kada ya gaza kashi 1.2 kuma kada ya wuce kashi 1.8 cikin ɗari na busasshen abinci. Da yake abincin buhu na ɗauke da danshi kusan kashi 10, lambar da za ka gani a rubuce kada ta haura 1.6 sosai. Fosfaras aƙalla kashi 1, furotin aƙalla kashi 22.5. Buhunan Turai suna bin ƙa'idar FEDIAF, wadda ba ta yi nisa da wannan ba. Akwai kuma waɗanda ake yi a nan Najeriya, kuma ban raina su ba ko kaɗan, sai dai tambayar ɗaya ce ga kowa: ina lambar kalsiyam? Buhun da bai rubuta ta ba, na mayar da shi inda na ɗauko. Na duba lambar NAFDAC, na duba ranar lalacewa. Kuma in har buhun ya cika waɗannan sharuɗɗa, ba a ƙara masa komai. Ba ƙwaya, ba garin ƙashi, ba ɓawon ƙwai, wanda kusan kashi 40 na nauyinsa kalsiyam ne tsantsa.

Sai wata matsala da ta shafe mu nan Kaduna kai tsaye. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗin buhun waje ya yi tashin gwauron zabi, shi ya sa wasu masu shago ke farke buhu su riƙa aunawa a leda, kilo-kilo. Na fahimci dalilin, amma raina bai kwanta da shi ba. Ba ka ga bayan buhun ba, ba ka san na kwikwiyo ne ko na babba ba, ba ka san yaushe aka buɗe shi ba. Zafin Maris da Afrilu yana sa maiƙon da ke ciki ya yi ɗoyi. Danshin Agusta kuwa ya fi muni, domin yawancin abincin nan da masara ake yin sa, kuma masara da gyaɗa in suka yi fumfuna sukan haifar da gubar afalatoksin, wadda ke cinye hantar kare. Ba ƙaramin abu ba ne. A Amurka ma, tsakanin ƙarshen 2020 da 2021, karnuka fiye da 100 suka mutu daga abincin buhu mai wannan guba, aka janye shi daga kasuwa. Don haka gara ƙaramin buhu a rufe da babba a buɗe. In ka kai gida, sa shi da buhunsa cikin bokiti mai murfi, ka ɗaga shi daga siminti, ka nisanta shi da rana. In ya canza wari, zubar. Ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu a ajiye ma kada a jefa masa.

Wanda aljihunsa ba zai ɗauki buhu ba fa? Ana iya dafawa a gida, da shinkafa ko masara mai kyau, da kifi ko kaza ko nama, da ƙwai, da ɗan mai, da ganye. A irin wannan girkin kam sai an ƙara kalsiyam, tunda babu shi a ciki, amma da awo, awon da likitan dabbobi ya rubuta bisa nauyin kwikwiyon da watanninsa. Tazarar da ke tsakanin kaɗan da yawa siririya ce ƙwarai, ba aikin kintace ba ne. Ga asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Kawo, ga wanda ke son a duba masa ko a ɗauki hoton ƙashi.

Da kwikwiyon Yaya ya iso, muka shimfiɗa tsari. Sau huɗu a rana har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ana auna kowane ci da gwangwani ɗaya da muka yi wa alama, a ajiye kwano kamar minti 15, a ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba. Adadin da ke jikin buhu mafari ne kawai, alƙalin gaskiya tafin hannunka ne. Shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, amma kada ka hango su daga nesa. Ka tsaya a kansa ka duba, ya kamata ka ga ƙugu ya ɗan shiga. In ya zama sambal daga kafaɗa zuwa wutsiya, a rage. Duk mako muna ɗaukarsa mu hau sikeli tare, a cire nauyin mai ɗauka, a rubuta. Ba a barinsa ya yi guje-guje da ya gama ci, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu kan kumbura ya murɗe, kuma wannan kan kashe cikin 'yan awoyi. In zafi ya tsananta, da sassafe da bayan la'asar ake ba shi, ruwa kuwa ba ya yankewa a inuwa. Maganin tsutsa da alluran rigakafi, har da ta haukan kare da ake yi a wata uku, duk suna tafiya a kan lokacinsu, domin kwikwiyo mai tsutsa komai kyan abincinsa rabawa suke yi.

Akwai mutum ɗaya da duk wannan ilmi bai da amfani in bai kai gare shi ba: maigadi. A yawancin gidajenmu ba mai gida ne ke zuba wa kare abinci ba. Na zauna da Baba maigadi a bakin ƙofa na yi masa bayani tun daga farko, har labarin karnukan nan 48. Ya ce, "Ɗana, ai in ya dube ni da idon nan sai in ji kamar na zalunce shi." Na kama hannunsa na ɗora a gefen kwikwiyon, na ce, "Baba, ji nan. Muddin kana jin ƙasusuwan nan ƙarƙashin ɗan nama, to ba ka zalunce shi ba." Yaran gida ma an gaya musu, biskit da guntun tsire da suke miƙa masa ta bayan fage duk abinci ne, duk a cikin lissafi suke, kuma irin wannan ɗan lasa kada ya wuce kashi 10 na cin yini. Maƙwabta da suka leƙo suka ce kamar ya rame, Baba da kansa yanzu ke ba su amsa.

Zai ci gaba da cin abincin kwikwiyo har wajen wata 18, wataƙila ya kai shekara biyu, sai likita ta tabbatar ƙashi ya daina tsawo. Karen Jamus da Rottweiler sukan riga shi gamawa da 'yan watanni. Ranar da za a sauya zuwa na manya ma ba a yi farat ɗaya: a fara da rubu'in sabo cikin tsoho, a kai rabi, a kai kashi uku cikin huɗu, a yi mako guda ana haka, ana duba kashinsa kowace safiya.